Hutun zafi a kan duwatsun kudu: mu wuce Abha ko mu tsaya a Ɗa'ifa?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni mazaunin Jidda ne, shekarata tara ina aiki a nan, amma ban taɓa wuce Makka da Madina ba. Bana na samu hutun kwana shida a watan Agusta, yara sun matsa sai na kai su Abha saboda hotunan hazo da dajin Assuda da suke gani a waya. Mu biyar ne: ni, da maiɗakina, da yara biyu, da mahaifiyata mai shekara 67 da ke fama da hawan jini. Ƙaramar 'yata, mai shekara takwas, tana da sikila. Motata ƙarama ce. Abokan aiki sun ce in tsaya Ɗa'ifa kawai, ni kuma ina ganin in za a yi abu a yi shi gaba ɗaya. Ina kuma so mu kwana a tanti ko da dare ɗaya ne. Wace shawara za ka ba ni?"

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya ba yarinya sauƙi, ya saka maka da alheri da ka yi niyyar fitar da iyali su ga ƙasa. In na fahimce ka, abu uku kake tambaya: ko Abha ta cancanci doguwar tafiyar, ko mutanen da ke cikin motarka za su iya ɗaukar ta, da kuma ko kwanan tanti zai yiwu. A Makka aka haife ni, kuma fiye da shekara ashirin ke nan ina ɗaukar iyalai zuwa waɗannan duwatsu lokacin zafi, mafi yawansu 'yan'uwanmu Hausawa na Makka da Jidda. Amsata a taƙaice ita ce: Abha ta cancanta, amma ba a wannan tafiyar ba, ba kuma da wannan tsarin ba. Bari in faɗa maka dalili, don ka yanke hukunci da kanka.

Inda sanyin yake fitowa

Daga Ɗa'ifa har iyakar Yaman akwai jerin duwatsu da ake kira Sarawat. Ta gabas suna gangarawa a hankali zuwa hamada, ta yamma kuwa sun yanke kamar an sare su da gatari, suna kallon ƙasar Tihama da Bahar Maliya. Ɗa'ifa tana kan tsayin kusan mita 1,900, Baha da Abha sun haura 2,000, Dutsen Assuda kuma yana wajen mita 3,000. Don ka kwatanta: Jos, da mutanenmu ke yi wa kirari da sanyi, ba ta wuce mita 1,200 da 'yan kai ba, kuma duk Najeriya babu tsaunin da ya kai Assuda.

Duk mita 1,000 da ka hau, zafi yakan ragu da kusan digiri shida da rabi. Shi ya sa ranar da Jidda ke tafasa, mutum yana gumi ko a inuwa, mutanen Abha suna neman rigar sanyi da magariba. Hazon da yaranka ke gani kuwa ba irin na hunturunmu ba ne mai ƙura. Girgije ne sosai. Iska mai laima takan taso daga teku da rana, ta bugi bangon dutsen, ta hau, ta yi sanyi, ta zama gajimare. Kana tsaye a bakin dutse za ka gan shi yana hawowa daga ƙasanka kamar hayaƙin ɗanyen itace, cikin minti biyar ba ka ganin motarka. Itatuwan ar'ar da suka rufe Assuda da wannan raɓar suke rayuwa, shi ya sa za ka ga gansakuka tana lilo a rassansu.

Gandun Asir, mai sunan lardin da Abha ke cikinsa, shi ne gandun shaƙatawa na ƙasa na farko da Saudiyya ta kafa, a farkon shekarun 1980. Kada ka zana shi a ranka kamar Yankari, mai ƙofa ɗaya da giwaye da mai rakiya. Yanki ne mai faɗi da ya ɗebo daga ƙololuwar duwatsu ya gangara wajen teku, wuraren zaman jama'a kuma a warwatse suke: Assuda a arewa maso yammacin Abha, Dalagan da Ƙar'a a ɗaya gefen. Abin kallon ba dabbobi ba ne. Ƙasar ce kanta, da iskar, da shirun.

Maganar yarinya da Hajiya

A nan zan daɗe, don a nan tafiyar take tsayawa ko ta faɗi.

Abin da ke kawo sanyin shi ne kuma ke rage iskar da jiki ke samu. A tsayin Abha, numfashi ɗaya yana ba ka kusan kashi uku cikin huɗu na abin da kake samu a bakin tekun Jidda. A Assuda ya sauka zuwa kusan kashi 70 cikin 100. Mai lafiya zai ji haki in ya hau matakala, wataƙila kai ya ɗan sara masa daren farko, shi ke nan. Mai sikila ba haka ba ne. Abubuwan da suka fi tayar da ciwon su ne ƙarancin iska, da sanyi, da ƙishirwa, da gajiya, kuma dutse yakan haɗa su duka huɗun a yini guda. Yaro ya sha zaman mota, bai sha ruwa ba don ba ya jin ƙishi a sanyi, ya sauka ya yi ta guje-guje don murna, yayyafi ya jiƙa shi, dare ya yi sanyi ya sauko. Ka ga an gama haɗa wa ciwo shimfiɗa.

Na taɓa ganin haka da idona. Wata shekara na ɗauki wani iyali daga Makka, muka miƙe ba tsayawa har Namas, garin da ya fi Abha tsayi. Suna da yarinya mai irin wannan larura, ba su faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, kuma wannan kuskurena ne. Wajen ƙarfe biyu na dare ta fara kukan ƙafa da baya. Muka nemi asibiti cikin hazo, a garin da ba mu san kowa ba. Allah ya taƙaita, aka yi mata ƙarin ruwa, aka sa mata iska, washegari muka gangara. Tun daga ranar ba na tayar da mota sai na tambayi wanda ke da sikila, da mai asma, da mai ciwon zuciya, da mai ciki.

Ni direba ne kuma mai rakiya, ba likita ba, don haka ba zan ce maka yarinyarka za ta iya ko ba za ta iya ba. Wannan hukuncin na likitan da ke duba ta ne. Ka je masa kafin ka kama masauki, kada ka ce "za mu je hutu" kawai. Ka faɗa masa tsayin wuraren da lambobinsu: 1,900, da 2,200, da 3,000, ka tambaye shi inda za ta iya kwana da inda za ta iya leƙawa na awa ɗaya ta dawo. Ko Ɗa'ifar ma tsauni ce, ba a cire ta daga tambayar ba. In ya hana, to ka bar maganar dutse bana, ka jira sanyi ya shigo ku nufi Yanbu ko Umluj a bakin teku. In ya yarda, ka riƙe takardar bayanin ciwonta da magungunanta a jakar hannu, ba a but ba, ka sa mahaifiyarta ta riƙa ba ta ruwa a kan lokaci ko ba ta nema ba, kuma kada rana ta faɗi ba safa da rigar sanyi a jikinta.

Ita kuma Hajiya, tsayi da sanyi sukan ɗan ɗaga hawan jini a kwanakin farko. A tafi da na'urar awo, a auna safe da yamma, kada ta tsallake magani. Abin da na fi lura da shi a wajen iyayenmu mata shi ne ba sa faɗin gajiya, don kada su ɓata wa jikoki rai. Kai za ka riƙa kallon fuskarta. A nema mata kujerar ninkewa, a dumama mata ruwan alwala a tarmus, don ruwan famfon can da asuba sai ka ce daga firji ya fito.

Hanyar da motar

Daga Jidda zuwa Ɗa'ifa kusan kilomita 170 ne. Daga Ɗa'ifa zuwa Baha kusan 220, daga Baha zuwa Abha ta Baljurashi da Namas da Tanuma fiye da 300. A taswira ba su da yawa, amma hanyar kan dutse ba ta san gudu ba: kwana-kwana ce, da garuruwa, da kyamarorin Sahir masu kama masu gudu. In ka ce za ka kai Abha ka dawo cikin kwana shida, kai kaɗai a sitiyari, kwana biyu cur sun tafi a kan kwalta, na uku kuma a ramuwar barci. Ta bakin teku, wato ta Lis da Ƙunfuza ka hau ta Muhayil, ta fi sauƙin tuƙi, amma ita ce ta fi muni ga yarinya, don za ta ɗauke ku daga daidai teku zuwa sama da mita 2,000 cikin awa ɗaya ko biyu.

Ƙaramar mota za ta iya, hanyoyin duk kwalta ne. Sai dai injin ma yana jin ƙarancin iska kamar mutum, ƙarfinsa yakan ragu da wajen kashi ɗaya cikin biyar a can sama, ga mutum biyar ga kaya. Hawa ba ya ba ni tsoro kamar gangara. Mutanen gari da suka saba da shimfiɗaɗɗiyar hanya sukan ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa, birkin ya yi zafi, man ya tafasa, a taka a ji wayam. Ka sauka da ƙaramar giya, ko motarka mai canza giya da kanta ce, ka bar injin ya riƙe ta. In ka ji warin ƙauri, ka nemi wurin fakewa ka tsaya. Kafin tafiya a canza man birki in ya daɗe, a duba lagireto da tayoyi har da safaya.

Agusta lokacin ruwa ne a can, kuma ruwan yana da ɗabi'a: safiya garau, bayan azahar gajimare ya haɗu, la'asar a kece da tsawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Don haka ƙa'idata ita ce tuƙi da yawo daga bayan asuba zuwa azahar, la'asar kuma ta same mu a inda za mu kwana. Hanyar Hada, wadda ke hawa Ɗa'ifa daga Makka, akan rufe ta in ruwa ko hazo ya yi yawa, sai a koma ta Sailul Kabir. Kada ka zauna a cikin kwari don ka ga yashi mai laushi da inuwa. Ruwan da zai tafi da mutum sau da yawa ba a kansa aka yi shi ba, a can saman dutse aka yi, sai dai kawai ya ji ruri. Ƙetare kwari yana gudana laifi ne da tararsa ke kaiwa riyal 10,000, kuma tarar ita ce mafi sauƙin abin da zai iya faruwa.

Abin da zan yi in ni ne kai

Zan hau a mataki-mataki. Kwana biyu a Ɗa'ifa, in ga yadda jikin yarinya da na Hajiya ya karɓi wurin. Abokan aikinka ba su yi ƙarya ba, Ɗa'ifa tana da abin gani, sai dai mutanenmu sukan taƙaita ta a gidajen wasan yara da kasuwa. Ka kai su Shafa da sassafe, inda gonakin wardi suke, ko da yake furen ya wuce tun watan Afrilu, amma lokacin inabi ne da ɓaure da barshumi, 'ya'yan wani tsiro mai ƙaya. Gandun Saisad yana gefen gari, fili ne mai itatuwa, ba hawa ba gangara, Hajiya za ta ji daɗin zama a can. Ku yi salla a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, ka ba yara labarin zuwan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wannan gari da abin da ya haɗu da shi. Na ga yaran da suka manta lilo da motar igiya, amma ba su manta wannan ba.

In kowa lafiya, sai Baha kwana biyu. A ganina ita ce amsar tambayarka ta gaskiya, don duk abin da yaranka suka gani a hoton Assuda akwai ƙaninsa a dajin Ragadan, 'yan mintuna daga tsakiyar gari: ar'ar, da hazo mai hawowa daga Tihama, da bakin dutse da ake hango ƙasa kamar daga jirgi. Ga shi rabin nisan Abha ne, ga asibitin gari kusa. In ka gangara ta hanyar Mikwa, mai ratsa ramuka a cikin dutse, za ka iske ƙauyen Zi Ain, gidajen dutse a jere kan wani farin tudu, ƙarƙashinsa maɓuɓɓuga da gonakin ayaba. Can ƙasa akwai zafi, ku je da safe. Kuma daga nan hanyarka ta gida ta miƙe: Mikwa, Muzailif, Lis, Jidda, ba sai ka sake hawa ba. Ka ga ka yi da'ira, kwana ɗaya ya rage maka na hutawa kafin aiki.

Masauki ka kama gidan haya mai kayan ɗaki da kicin, irin wanda ake kira shiƙƙa, don maiɗakinka ta iya dafa wa Hajiya abin da ba gishiri da yawa. Lokacin hutun makarantu kuɗinsu yakan ninka, Alhamis da Juma'a kuma sun fi tsanani, don haka in kana da zaɓi ka tashi ranar Lahadi. Iƙamar kowa, wato takardar izinin zama, ta kasance a hannu kuma da ranta, akwai shingayen bincike, masu masauki ma za su nema. In kuma kuna da niyyar umra a hanyar dawowa ta Ɗa'ifa, miƙatinku yana Sailul Kabir, ko Wadi Muhrim ga wanda ya biyo ta Hada.

Abha, in lokacinta ya yi

Ba na so ka ji kamar na rage mata daraja. Babu inda nake so a ƙasar nan, bayan Harami biyu, kamar bakin dutsen Assuda da hantsi, lokacin da gajimare ke kwance a ƙasa kamar an baza auduga. Ta cancanci kwana goma, ko a je ta jirgi a ɗauki motar haya a can. Akwai Kasuwar Talata a cikin gari, inda ake sayar da zumar sidir, dangin kurna da magaryarmu. Akwai Habala, ƙauyen da a da sai da igiya ake sauka cikinsa. Akwai Rijal Alma, mai dogayen gidajen dutse da aka yi wa ado da farin ma'adini, cikinsu kuma zanen bango na mata da ake kira Ƙaɗɗul Asiri, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2017. Duk wanda ya san zanen gidajen Zariya da Kano zai tsaya ya daɗe a gabansa. Hanyar da ke sauka can daga Assuda, Aƙabatus Samma, tana cikin mafi tsananin gangara da na sani, ba ta wanda ya fara tuƙin dutse jiya ba ce. Sannan tun da aka sanar da babban shirin gine-ginen yawon buɗe ido na Assuda a 2023 ake ta aiki a yankin, wurin da ke buɗe bana yana iya zama a rufe baɗi, don haka a tambayi mutanen gari kafin a hau.

Tanti, wuta da birai

Kwanan tanti kuwa, da Hajiya da wannan yarinya, ban ba ka goyon baya ba. Ƙasa takan yi sanyi ta jiƙe, kuma in wani abu ya taso da dare kana nesa da taimako. Ga kuma doka: kafa tanti a daji ko gandun gwamnati sai da izini, ana nemansa ta manhajar Nabati ta hukumar kula da tsirrai, kuma yin sa ba izini, ko hura wuta a inda ba a tanada ba, tararsa tana kaiwa riyal 3,000. Sare itacen wurin ko tsintar shi don girki ma haramun ne a doka, jami'an tsaron muhalli suna zagayawa. Ni ina ganin daidai ne. Ar'ar itace ne mai jinkirin girma, wanda ka karya a minti ɗaya ya girmi kakanka, kuma da yawansu sun riga sun bushe a tsaye. Abin da ya fi tara haɗari shi ne shigar da gawayi cikin tanti ko rufaffen ɗaki don jin ɗumi. Hayaƙinsa ba ya wari, barci yake sawa, kuma mutane suna mutuwa a haka.

Abin da yara ke so a tanti za ka iya ba su da rana. Ka sayi ƙaramar rumfa, da darduma, da ɗan murhun gas. Ku fita bayan asuba, ku kama wuri a Ragadan kafin jama'a, a dafa shayi, a karya a can, su yi wasa a ƙarƙashin itatuwa, kai kuma ka hana su matsawa bakin dutse ko tsallake shinge don ɗaukar hoto, musamman in hazo ya sauko, don dutsen yakan yi santsi.

Birai za su zo, wannan babu shakka. Gwaggon biri ne, garke-garke, tun daga hanyar Hada har Abha, kuma sun saba da mutane har sun daina tsoro, saboda masu jefa musu abinci ta tagar mota. Ciyar da su laifi ne yanzu, kuma shi ne ya lalata su. Kada yaro ya riƙe leda ko ayaba a hannu a gabansu, kada a bar gilashin mota a buɗe, kada a tsura wa babban namijin ido ko a jefe shi. In ya ƙwace abu, a bar masa. In ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu sosai a wuce asibiti a ranar, komai ƙanƙantar ciwon. Ka adana lambar motar asibiti, 997, da ta 'yan kwana-kwana, 998, kuma ka sauke taswirar yankin a wayarka tun daga Jidda, don akwai kwaruruwan da sabis ke ɗaukewa. Ka tafi da manyan ledoji biyu na shara, ɗaya taku, ɗaya ta abin da kuka tarar a wurin.

In ka dawo daga wajen likita, ka rubuto mini abin da ya ce game da tsayin da yarinya za ta iya kwana, sai mu tsara kwanakin ɗaya bayan ɗaya. Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa mu a addu'a.